Kafin Ka Ɗauki Sirinji: Yadda Ake Duba Dabba Marar Lafiya Mataki-Mataki

A yawancin gidajenmu da rugage, da zarar akuya ta yi laushi ko sa ya juya wa dusa baya, sai a tura yaro shagon magani ya sayo allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki da ake kira LA. A soka mata, a jira ikon Allah. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuma dabbar ta tafi, kuɗin magani ma ya tafi. Dalili shi ne zazzaɓi, zawo, tari, kumburin ciki da ɗingishi duk alamu ne kawai, kuma alama ɗaya tana iya fitowa daga cututtuka biyar da maganinsu bai haɗu ba. Ragon da ke nishi saboda fitsarinsa ya toshe, ko kwalba guda ka ɗura masa ta LA ba zai samu sauƙi ba. Aikin farko shi ne dubawa, kuma dubawar tana da tsari.

Mataki na farko: tsaya nesa ka yi kallo

Kada ka yi saurin kama dabbar. Da ka kama ta, numfashinta da bugun zuciyarta za su hau, ka rasa abin da kake nema. Tsaya ka ga ko ta ware daga garke, ko kunnuwanta sun zube, ko ta gantsare baya, ko tana tuƙa. Saniya ko tunkiyar da ke kwance tana tuƙa cikin natsuwa da wuya a ce ciwonta ya yi nisa. Wadda ta daina tuƙa gaba ɗaya kuwa, akwai magana. Ƙirga numfashi ta kallon kwiɓi na minti guda. A inuwa, doki kan yi 10 zuwa 16, shanu da awaki da tumaki kuma 15 zuwa 35, kodayake zafin rana yana ƙara shi sosai.

Sai ka tambayi kanka, ko yaron da ke kai su kiwo: yaushe abin ya fara? Dabba nawa ya kama? Me suka ci jiya? An kawo wata sabuwa daga kara a 'yan makonnin nan? Amsar tambaya ta biyu tana rage rabin wahala. Idan ɗaya ce tak, ka fi zargin rauni ko abin da ta haɗiya. Idan da yawa suka kwanta rana ɗaya, ka duba abinci da ruwa da guba. Idan kuwa yau biyu, jibi biyar, cuta ce mai yaɗuwa, ware marasa lafiya tun kafin ka san sunanta.

Mataki na biyu: auna zafi

Taɓa kunne ko duba bushewar hanci ba ya wadatarwa. Ma'aunin zafi irin na asibiti ya isa, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbar allura ba. Shafa masa mai, saka shi a dubura, ka karkatar da shi ya taɓa bango don kada ya nutse cikin kashi. Saniya mai lafiya tana tsakanin digiri 38 da 39.3, tunkiya da akuya 38.5 zuwa kusan 40, doki 37.2 zuwa 38.3, jaki ƙasa da haka kaɗan, kare 38 zuwa 39.2, kaza kuma 41 zuwa 42. Raƙumi daban yake: idan yana fama da ƙishi, jikinsa kan sauka zuwa 34 da asuba ya haura 40 da la'asar, lafiyarsa ƙalau. Don haka a auna kowace dabba da sassafe, ko bayan ta huta a inuwa.

Zazzaɓi yana nuna ƙwayar cuta ta shiga jiki. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saniya ko akuya ko tunkiyar da ke kwance, jikinta ya sauka ƙasa da 37.5, kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi. Wannan ta kusa tafiya. A lulluɓe ta, a nemi likita nan take.

Mataki na uku: ido, baki, fata, kwiɓin hagu

Ja fatar ido ta ƙasa ka ga launin cikinta. Ja-ja mai haske shi ne lafiya. Fari yana nufin jini ya ƙare, rawaya na nuna hanta ko fashewar ƙwayoyin jini, ja wur kamar garwashi kuma zazzaɓi mai tsanani ko guba. Akwai kati mai launi biyar da ake kira FAMACHA, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu don awaki da tumaki, ana kara shi da idon a gane wadda ke bukatar maganin tsutsa.

Buɗe baki ka duba dasashi da harshe ko akwai gyambo, sai dai ka karanta gargaɗin da ke ƙasa game da dabba mai dalalar miyau kafin ka sa hannu. Tsunkuli fatar wuya ka sake. Idan ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, kuma ido ya faɗa, ruwan jiki ya ƙare. Daga nan ka dunƙule hannu ka danna ramin kwiɓin hagu, inda tumbi yake. Za ka ji yana tasowa yana komawa sau ɗaya ko biyu a minti. Idan ya yi shiru, ciki ya tsaya. Ƙarasa da shafa jiki duka: kaska a ƙarƙashin wutsiya da hantsa da cikin kunne, kaluluwa a gaban kafaɗa, zafin hantsa, tsakanin kofato. Ka duba kashi da fitsari ma.

Kumburin ciki

Wannan ne ba ya jira. Kwiɓin hagu ya tashi, idan ka buga yana ƙara kamar ganga, dabbar na numfashi da baki. Iri biyu ne. Akwai na kumfa, wanda ɗanyen ganyen wake ko sabuwar ciyawar farkon damina ke kawowa idan dabba ta afka musu da yunwa. Akwai na iska zalla, idan wani abu kamar ƙwallon mangwaro ya maƙale a maƙogwaro ko tumbi ya daina motsi. Ga na kumfa, ba da man gyaɗa: saniya mililita 250 zuwa 500, akuya ko tunkiya 50 zuwa 100. Tsayar da ita ƙafafun gaba a kan tudu, a riƙa murza kwiɓin. Na iska kuwa likita zai zura roba ta baki iskar ta fita, in abin ya ƙi ya huda kwiɓin hagu da ƙarfen da aka yi don haka.

Yadda ake ɗurawa yana kashe dabbobi fiye da yadda mutane suke zato. Kada a ɗaga kai sama, kada a riƙe harshe. A sa bakin kwalba ta gefen baki, a zuba kaɗan-kaɗan, in ta yi tari a dakata. Man da ya shiga huhu ba ya fita. Kananzir da wasu ke ɗurawa a bar shi, yana ƙona ciki yana ɓata nama.

Abubuwa uku suna kama da kumburi amma hanyarsu daban. Dabbar da ta fasa buhun hatsi ko ta yi wa dusa cin wuce kima, tumbinta kan yi tsami, ta yi zawo mai warin tsami, tana tangaɗi. Janye hatsin, ba ta busasshiyar ciyawa, ka jiƙa cokali ɗaya na bekin soda a ruwa ga babbar akuya ko rago. Wadda ta kwanta sai an yi mata ƙarin ruwa ta jijiya. Na biyu gyauron dawa: sabon tohon yana ɗauke da guba mai hana jiki amfani da iska, dabba ta hau haki, dasashi ya yi ja, ta faɗi cikin ƙanƙanin lokaci. Hana su shiga gonar shi ne dabara. Na uku leda, wadda ta addabi dabbobin cikin gari. Ciki ya yi girma, jiki na ramewa, kashi kaɗan, kumburi yana tafiya yana dawowa. Babu maganin sha da ke narkar da leda, sai tiyata ko yanka.

Zawo

Rashin ruwa ne ke kashe mai zawo tun kafin cutar ta gama aikinta, musamman 'yan maruƙa da 'yan awaki. Fara da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, irin wanda ake ba yara. Maraƙi zai sha lita biyu sau biyu ko uku a rana, kuma kada a hana shi nono. Idan za ka haɗa da kanka ga jinjirin maraƙi, nemi gulukos, domin cikinsa bai iya narkar da sukarin shayi ba, ƙara masa zawon zai yi.

Bayan haka ka nemi sanadi. Zawo ba zazzaɓi a farkon damina yawanci sauyin abinci ne ko tsutsar ciki. Zawo mai jini da yunƙuri a ƙananan dabbobin da ke cunkushe a wuri mai danshi, ka zargi koksidiya, wato cutar wasu ƙananan ƙwayoyi masu cin bangon hanji, maganinta amfuroliyam ko magungunan salfa, tare da share wurin. Zawo da zazzaɓi da majina a awaki kuwa, wata magana ce.

Majina da tari

Akuya ta yi zazzaɓin 40 zuwa 41, ido da hanci suna zubar da ruwa har ya bushe ya toshe hanci, baki ya yi gyambo yana wari, bayan kwana biyu ko uku zawo ya ɓarke: wannan ita ce annobar da likitoci ke kira PPR. An fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, kamar yadda aka sanar da ƙarewar bushiya ta shanu a 2011. Ta fi yi wa awaki illa fiye da tumaki. Ba ta da maganin kashe ta kai tsaye. Ana ba da LA ne don tare ciwon huhun da ke biyo baya, sauran aikin jinya ne: goge hanci da ruwan ɗumi, wanke baki da ruwan gishiri, ruwan sha, abinci mai laushi. Rigakafinta ana yin shi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, kuma allura ɗaya tana karewa aƙalla shekara uku. Ina jin ciwo ƙwarai idan na ga mace ta rasa awakin da ta tara shekara da shekaru saboda an shigo da akuya ɗaya daga kasuwa an haɗa su a ranar. Duk sabuwar dabba a ɗaure ta gefe na mako uku, da kwanon ruwanta daban.

A shanu, wadda ta tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe gwiwoyin gaba, tana nishi, tana tari idan an kora ta, ka zargi ciwon huhu mai yaɗuwa. Wadda ta warke tana iya ci gaba da ɗauke da cutar tana rabawa, shi ya sa ake son a kai rahoto ofishin dabbobi, a kuma yi rigakafi duk shekara.

Rama da farin ido

Dabba tana ci amma tana ramewa, ido fari, wani lokaci ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa. A awaki da tumaki da damina, mai laifin yawanci tsutsa ce mai shan jini a ciki, kuma ba lalle ta kawo zawo ba. Dabbobin da ke kiwo a fadama ka ƙara da zargin tsutsar hanta, wadda ƙananan katantanwa ke yaɗawa. Maganin tsutsar nan Aibamektin ba ya kashe ta, sai irin su tiriklabendazol. Shanun da suka yi kiwo a kudu ko bakin kurmi inda ƙudan tsando yake, idan ga zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, hawaye, kaluluwa da tashin gashi, sammore ne ake zargi. Fitsari ja da zazzaɓi mai zafi kuma yana nuna cutar kaska. Ido ba zai raba maka waɗannan ba, amma ɗigon jini daga kunne da ɗan kashi a leda sun isa a gane a ƙarƙashin madubin likita.

Nishi da yunƙuri

Masu turka ragon layya su kula da wannan. Rago ya sha dusa da yawa, ruwa kaɗan, sai tsakuwa ta taru ta toshe masa mafitsara. Za ka ga yana miƙewa, yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga ko babu sam. Mutane da yawa suna ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su yi ta ɗura mai. Duba ƙasan da ya kwana: a bushe yake? Cikin kwana ɗaya ko biyu mafitsara na iya fashewa. A lokacin zai yi kamar ya samu sauƙi, alhali fitsari ne ke taruwa a cikinsa. Idan aka kai shi da wuri, sau da yawa likita yana yanke ɗan siririn kan gabansa inda tsakuwar ke maƙalewa, fitsari ya zubo. Rigakafinsa yawan harawa, rage dusa, gishirin lasa, da ruwa a gabansa dare da rana.

Doki ba ya iya amai, don haka ciwon ciki a gare shi babban abu ne. Yana tona ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, yana birgima, yana gumi. Janye abinci, zaga da shi a hankali, kada ka ɗura masa komai. Bugun zuciyarsa na lafiya 28 zuwa 40 ne a minti, idan ya haura 60 abin ya yi tsanani. Jaki kuwa ba ya nuna ciwo. Jakin da ya yi shiru ya daina ci, ka ɗauke shi a matsayin wanda ke cikin haɗari a ranar.

Dalalar miyau, ɗingishi da juyi

Shanu da yawa suna dalala suna ɗingishi lokaci guda, da ƙuraje a harshe da tsakanin kofato da kan nono: ɓoru ne. Manya sukan warke cikin mako biyu zuwa uku idan ana wanke musu gyambo da ruwan gishiri ana ba su abinci mai laushi, amma yana kashe 'yan maruƙa ta hanyar zuciya. Ɗingishin farat ɗaya a matashin sa mai ƙiba, da kumburi a cinya ko kafaɗa mai ƙaras-ƙaras idan an danna, harbin daji ne, kuma fenisilin yana aiki ne kawai idan an fara da wuri ƙwarai.

Saniya ɗaya tak da ke dalala, tana kuka ba ƙaƙƙautawa da sauyin murya, ta kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale mata, kada ka sa hannu a bakinta. Haukan kare yana kama shanu da awaki da jakuna, kuma da zarar alamunsa sun bayyana babu magani, ga dabba ko mutum. Wanda aka ciza ko miyau ya taɓa masa rauni ya wanke da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Tunkiyar da ke juyi gefe ɗaya na makonni, sau da yawa ƙwan tsutsar kare ne ya yi jaka a ƙwaƙwalwarta, shi ya sa ba a jefa wa karnuka kan dabbar da ta mutu da wannan ciwo.

Ɓari ma a kula da shi haka. Sa leda a hannu, binne ɗan da mabiyiyar, kada ka ja mabiyiyar da ta maƙale da ƙarfi. Idan ɓari ya yawaita a garke, a gwada jini don bakkale, kuma a tafasa madara kafin a sha, domin tana kama mutane.

Kaji

Ba a jinyar kaza ɗaya-ɗaya, akurki duka ake dubawa. Koren kashi, haki, murɗewar wuya da mutuwa da yawa, musamman da hunturu, cutar Niyukasal ce. Ba ta da magani, amma akwai rigakafin I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido duk wata huɗu. Kashin jini a 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida koksidiya ce. Mutuwa mai yawa dare ɗaya da kumburin kai da baƙin tukku kuwa, a zargi murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a Jihar Kaduna. Kada a sayar, kada a ci, a kai rahoto.

Idan za ka ba da magani

San nauyin dabbar tukuna. Idan sa ne, auna zagayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, da tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, da santimita. Ninka zagayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 10,800. Zagaye 150 da tsawo 120 zai ba ka kusan kilo 250. LA mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ana ba da mililita ɗaya ga kowane kilo 10, wato za a soka wa wannan san mililita 25, a raba wuri biyu ko uku a cikin tsoka. Mililita biyar da ake soka wa irin wannan sa ba ta warkarwa, sai dai ta koya wa ƙwayar cuta jure magani.

Maganin wata dabba gubar wata ce. Berenil da ake yi wa shanu don sammore yana iya kashe raƙumi. Farasitamol yana kashe kyanwa. Abincin kaji mai sinadarin monensin yana kashe doki. Albendazol yana lalata ɗan tayi a farkon ciki, deksametazon kuma yana zubar da tsohon ciki. Akuya ta fi tunkiya saurin fitar da maganin tsutsa daga jiki, don haka awonta ya fi yawa, a tambayi likita. Kowace kwalba tana ɗauke da kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono. A karanta, a kiyaye, domin 'ya'yanmu ne ke shan nonon.

Dabbar da ta faɗi ta mutu ba ciwo

Mun saba idan dabba ta faɗi a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Amma idan lafiyarta ƙalau ɗazu, yanzu ga ta a ƙasa, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ciki ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandare ba, to ciwon saifa ake zargi. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona da ke Suleja a Jihar Neja a watan Yulin 2023. Kada a feɗe, kada a ja gawar a ƙasa. Da iska ta taɓa jinin, ƙwayar cutar tana yin ɓawon da zai zauna a ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kama mahauci da mai jima da mai cin naman. A ƙone gawar ƙurmus ko a binne ta a rami mai zurfin mita biyu, a kawar da sauran garken daga wurin, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma don a yi musu rigakafi.

Duk lokacin da za ka kira likita, ko ka nufi asibitin dabbobi na jiha ko na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ka tafi da bayaninka a shirye: irin dabbar da shekarunta, ranar da ciwon ya fara, nawa suka kamu nawa suka mutu, zafin da ka auna da lokacin da ka auna shi, da abin da suka ci. Ɗauki hoton ido da baki da kashi a waya, ka riƙo kwalaben duk maganin da ka riga ka ba ta, har da na gargajiya, ka faɗi yawan da ka bayar ba ɓoyewa.